Maki Casa'in da Bakwai

Jazuli ya zo da takarda daga Yaba,
ya shimfiɗa a teburina, ya danne da kofin shayi.
Kawu, duba. Jan layin nan kyamararka ce,
shuɗin da ya haye kansa kuwa sabuwar ce.
An auna ƙwayar idonsu a ɗakin gwaji,
inda haske ke zaune kamar an ɗaure shi,
ba gumi, ba sauro, ba mai ɗauke wuta.
Taka maki sittin da takwas.
Waccan casa'in da bakwai.

Na dubi tawa a rataye.
Shekara sha ɗaya tana shan iskar gishirin Legas,
robar jikinta ta saɓule, na naɗe da salatif.
Ban san tana da maki ba.
Na dai san ta biya hayar ɗaki a Agege,
ta biya kuɗin makarantar mai takardar nan.

Uchenna na Ikeja ya ba ni aron sabuwar, kwana guda,
bayan ya riƙe katina, ya sa na rantse sau biyu.
Ƙarfe huɗu na asuba muna Mil Sha Biyu,
tireloli na amayar da tumatir da attaruhu,
ƙwai ɗaya na janareta yana lilo a kan igiya,
ruwan daren jiya ya mai da ƙasa kunu.

Na ciro ta daga jaka, gilashin ya yi raɓa.
Kafin in goge, Baba Ilu ya riga ya sauke kwando.
Da na ɗaga ta, 'yan dako suka miƙe ƙyam,
kowa ya gyara fuska kamar za a yi fasfo,
wani ya ce, 'yan haraji ne.
Tsohuwar kuwa sun saba da ita kamar butar masallaci.
Da ita na kama Ilu yana dariya
lokacin da gindin kwando ya ɓalle masa a ka.
Hoton ya yi tsaki-tsaki,
ana iya tankaɗe shi da rariya,
amma wushiryarsa na nan, da jan ruwan da ke bin wuyansa.

Allon launukan da suke aunawa, na ce wa Jazuli,
akwai goshin Ilu a ciki?
Baƙi mai sheƙi, ƙarƙashin ƙwai mai ruwan ɗorawa?
Bai tanka ba.

Da hantsi ya buɗe kwamfuta.
Hoto ɗaya na sabuwar, wanda na ce a share,
tirela ce kawai da duhu a ƙarƙashinta.
Ya ja wani ɗan layi a hankali,
duhun ya soma sirancewa kamar koko da aka ƙara wa ruwa.
Sai ga mace a durƙushe tsakanin tayoyi,
tana tsince tumatir ɗin da ya fashe,
da goyo, ƙafar goyon takalmi ɗaya.
Har zaren da ya warware a bakin zanenta na gani.
Ina tsaye a wajen, taku biyar,
idona bai gan ta ba.
Tsohuwata ma da ta haɗiye ta.

Yanzu ni ne ban tanka ba.

Na mayar wa Uchenna kayansa kafin la'asar.
Ya faɗi kuɗin, na ji kamar danfo ta taka min yatsa.
Na karɓi katina.

Hotunan biyu na manne a bangon shago.
Masu zuwa wankin hoto sun fi tsayawa gaban Ilu.
Ni kuwa, in na zo rufe ƙofa,
wajen matar idona ke zuwa,
ina lissafin mutum nawa na bari a duhu
cikin shekara sha ɗaya.

Takardar Jazuli na nan, shayi ya yi mata zobe.
Na shiga adashen Hajiya Kubura.
Kwasata sai watan tara.